Tayar da fawa-fak shi kaɗai: abin da juyawar fanka ba ta gaya maka

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru. Ɗaya daga cikin kwamfutocina na tebur, ta hannu ce na saya, ta daina kamawa tun makon jiya. Kafin ta mutu gaba ɗaya, da safe sai na danna makunni sau huɗu ko biyar take tashi. Mai gyara na farko ya ce bod ne, wato babban allon ciki da komai yake jone a kansa. Na biyu ya soka ɗan ƙarfe a bakin wayoyin fawa-fak, akwatin nan da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, fanka ta juya, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Yaya ake wannan gwajin, kuma zan iya yi da kaina? Sannan zan iya amfani da fawa-fak ɗin shi kaɗai in gwada wasu had-dis da fankoki da na tara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Za ka iya yi da kanka, ba ya ma cin minti biyu. Sai dai tun kafin mu je ko'ina bari in gaya maka, mai gyaran nan na biyu ya yi saurin yanke hukunci. Abin da ya yi ba kuskure ba ne, mu ma da shi muke farawa a shago. Amma abu ɗaya tak gwajin ya nuna masa: fawa-fak ɗin yana amsa kira. Ko zai iya ɗaukar kaya, wannan magana ce daban. Labarin da ka bayar na danna makunni sau huɗu ko biyar da safe kuwa, ni a wurina ya fi juyawar fankar nauyi nesa ba kusa ba. Zan dawo kansa.

Fara da sanin dalilin da ya sa ba ya tashi da kansa idan aka cire shi daga kwamfuta. Waɗanda suka riski kwamfutocin farkon shekarun 1990 za su tuna makunninsu na gaske ne, irin na fitilar ɗaki, wutar bango ce take ratsa shi kai tsaye. Shi ya sa Windows 95 idan ta gama rufe kanta sai ta rubuto a allo cewa yanzu kana iya kashewa, kai kuma ka miƙa hannu ka kashe. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, wanda har yau a kansa ake tafiya, kuma a wannan tsari aka karɓe wa makunnin gaba sarautarsa. Ɗan aike ne kawai yanzu. Da zarar ka soka waya a bango, wani ɗan ɓangare na fawa-fak yake farkawa ya riƙa ba da 5V ta waya guda mai launin shunayya, ko da kwamfutar a kashe take. Da wannan 'yar wutar bod yake zaman gadi. Idan ka danna makunni, bod ne yake ji, shi kuma sai ya haɗa koriyar waya da baƙa. Da wutar koriya ta faɗi ƙasa da 0.8V, sai fawa-fak ya saki sauran wutarsa duka. Muddin koriya tana haɗe da baƙa yana aiki, aka raba su ya mutu. To ɗan ƙarfen nan da ka gani, aikin bod ya ara. Babu wani siddabaru a ciki.

Kafin ka taɓa komai, leƙa bayan fawa-fak ɗin, kusa da inda wayar wuta take shiga. Idan ka ga ɗan jan makunni da ake turawa gefe, mai lamba 115 da 230, ka tabbata 230 ne a fili. Wutarmu a Najeriya 230V ce, ta Amurka 120V, kuma kayan hannun da suka fito daga can sukan iso a kan 115. Ina sabon yaron shago a Sabon Gari na taɓa soka irin wannan ban duba ba. Ƙarar da ya yi sai da mai shayin ƙofar shago ya leƙo, warin kuwa ya kwana biyu a ɗakin. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya dai cire kuɗin daga ɗan abin da yake ba ni. Na zamani waɗanda aka rubuta 100 zuwa 240V a jikinsu ba su da wannan makunni, da kansu suke daidaitawa.

Duk aikin da za mu yi a waje ne, a bakin wayoyi. Kada ka kwance murfinsa. A ciki akwai babbar kondensa, ɗaya ko biyu, da take tara wajen 325V daga wutar bango, a na zamani ma har kusan 400V, kuma zare waya daga soket ba ya sa ta sauke nan take. Wutar da ke bakin wayoyi, 12V zuwa ƙasa, ba za ta ja ka ba. Ta cikin tana kisa.

Akwai kuma abin da ke firgita mutane a banza. Shaguna da gidaje da yawa a nan Zariya soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, wadda take zubar da wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ko kuma an jawo wutar da doguwar waya mai gida biyu. A irin wannan wuri jikin ƙarfen fawa-fak yakan ɗan tsikari mutum, saboda wasu ƙananan kondensa na tace wuta da aka haɗa da jikin ƙarfen. Mitar gwajin wuta ta hannu tana iya nuna maka kusan rabin wutar bango a kansa. Ƙarfinta kaɗan ne, kuma ba alamar lalacewa ba ce. Amma ka yi aikin a kan teburin katako, da takalmi a ƙafarka, kuma ka nemi mai gyaran wuta ya sa maka wayar ƙasa a shagon, domin ranar da wani abu ya lalace a ciki da gaske, ita kaɗai ce tsakaninka da wutar.

To, zare wayar bango, sannan ka cire duk wayoyin fawa-fak daga jikin kwamfutar: babban baki, na furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai rami 4 ko 8, na had-dis, na katin hoto in akwai. Duka. Ɗauki babban bakin ka ƙirga ramukansa. In 24 ne, ko 20 a tsofaffi, muna kan hanya ɗaya. In kuwa ka ga 6, 8, 10 ko 14, dakata tukuna. Tun da ka ce ta hannu ce, mai yiwuwa cikin kwamfutocin ofis na Dell, HP ko Lenovo ce, su kuwa da yawansu kowa da nasa tsarin. Wasu 12V kaɗai suke fitarwa, bod ne yake rage ta zuwa 5 da 3.3, kuma launin wayoyinsu ba lallai ya bi abin da zan faɗa ba. Hatta mai rami 20, Dell ta yi wasu a ƙarshen shekarun 1990 masu baki irin na kowa amma an sauya wa wayoyin mazauni. Dell da yawa ma sun hutar da kai: akwai ɗan maɓalli da 'yar fitila a bayan fawa-fak ɗin, ka soka wuta ka danna ka riƙe, in fitilar ta kama to ya amsa kira, ba sai da ƙarfe ba.

A baki mai 24 koriyar waya guda ɗaya ce, tana rami na 16. A mai 20 tana na 14. Maƙwabtanta na dama da na hagu duka baƙaƙe ne, ba sai ka yi nisa ba. Masu tsada na yanzu sukan yi wayoyinsu duka baƙi don ado, a nan sai ƙirge. Riƙe bakin ramukansa suna kallonka, ɗan maƙallin roba yana sama. A layin sama, daga hagu, rami na huɗu shi ne mazaunin koriya, na biyar na baƙa. Ka kula da maƙallin nan sosai, domin in ka kife bakin ya koma ƙasa, a baki mai 24 na huɗun da za ka ƙirga shi ne na shunayya, wanda kullum yake da wuta.

Ƙarfen maƙale takardu da ke teburinka ya isa, ka miƙe shi ka lanƙwasa kamar harafin U. Ni na fi son guntun waya mai rufi da aka fere bakinta biyu, don ba ta da tsirarar da za ta taɓa wani abu. Kada ka cusa mai kauri. Yana buɗa bakin ƙarfen da ke cikin ramin, gobe ka mayar jikin bod ya ƙi kamawa sosai, ka haifo wa kanka sabuwar matsala.

Amma ajiye ƙarfen tukuna, mita ce a gaba. 'Yar ƙaramar mitar nan mai lambobi da ake sayarwa a shagunan kayan wuta na Sabon Gari da PZ ta wadatar. Juya ta zuwa 20 a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi, ba mai lanƙwasasshe ba. Jan tsinken ya kasance a ramin V. Wanda ya manta shi a ramin 10A ya ɗora a kan wayoyin nan, da hannunsa ya haɗe wuta. Soka wayar bango, kunna makunnin baya in akwai, sa baƙin tsinke a kowace baƙar waya, ja a kan shunayya, rami na 9. Dole ka ga 5V, tsakanin 4.75 da 5.25, ba tare da ka haɗa komai ba. In babu komai a nan, kada ka wahalar da kanka da koriya, ba zai tashi ba. Sauya wayar wutar da wata da ka san tana aiki, domin filogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa kuma yakan tsinke. Sau da yawa an kawo mini kwamfuta a kan babur daga Kwangila ko Tudun Wada, ashe waya ce ta mutu. In ka sauya waya har yanzu shiru, fawa-fak ɗin ya tafi. In shunayya ta nuna 5V, taɓa koriya ma, za ka ga tana da 'yar wuta tsakanin 3 da 5. Alama ce yana zaune yana jiran kira.

Yanzu kashe, sa ƙarfen tsakanin koriya da baƙa, kunna. Fanka za ta juya. A wasu na zamani takan yi juyi biyu ta tsaya, ko ma ta ƙi motsi, saboda an tsara ta ne kada ta juya sai ciki ya ɗauki zafi. Ka ga ke nan fankar ba ta zama shaida ko ta wane ɓangare: tana iya juyawa a maras lafiya, tana iya yin shiru a lafiyayye. Fanka da 7V ma juyawa take yi.

Bar baƙin tsinke inda yake, ka bi launuka da jan. Ruwan ɗorawa 12V ce, an yarda mata daga 11.4 zuwa 12.6. Ja 5V, daga 4.75 zuwa 5.25. Ruwan lemo 3.3V, daga 3.14 zuwa 3.47. Wato kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa. Shuɗiya ita ce ta ƙasa da sifili, −12V, ita an ɗaga mata ƙafa har kashi 10, kuma kusan ba abin da ke amfani da ita yanzu. In ka ga farar waya, −5V ce ta tsofaffi, rashinta ba laifi ba ne. Wadda masu gyara da yawa suke tsallakewa ita ce ruwan toka, rami na 8. Ta nan fawa-fak yake gaya wa bod cewa wuta ta daidaita, yana iya sakin furosesa ta fara aiki. Ƙa'ida ita ce ta hau zuwa wajen 5V tsakanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zuwa rabin daƙiƙa bayan sauran sun zauna. In ta tsaya a sifili, za ka ga fankoki suna juyawa, fitilu suna ci, allo kuwa baƙi ƙirin, a yi ta zargin RAM da bod alhali ba ruwansu.

In kuwa fanka ta yi zillo ta tsaya kuma mita ta nuna komai ya faɗi, kariyar cikinsa ce ta yanke wuta. Ko dai wani abu ya haɗe a ciki, ko ka manta wata na'ura a jiki wadda ta haɗe. Da yawansu in suka yanke haka ba sa sake tashi sai ka zare ƙarfen ko wayar bango, ka ɗan jira, ka sake. Akwai kuma tsofaffin da ba sa son aiki babu kaya ko kaɗan: ko su ƙi tsayawa, ko lambobinsu su karkace, 12 ta yi ƙasa 5 ta yi sama. Kafin ka ce ya mutu, rataya masa fanka guda da tsohon had-dis da ba ka damu da shi ba, ko rizisto, ɗan abin nan mai rage gudun wuta, mai om 10 wat 10 tsakanin ja da baƙa. Rabin amfiya take ja, tana kuma zafi, kada ka ɗora ta a kan takarda.

A ce duk lambobin sun fito daidai. Har yanzu ba mu san komai ba game da ƙarfinsa, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kondensar da ta tsufa tana iya riƙe 12V cif in ba a jan komai, amma da furosesa ta buɗe baki sai ta durƙusa. Kayan gwaji na gaske suna da tsada, mu a nan ƙwan fitilar mota muke amfani da shi, wanda kowane mai kayan wayarin yake da shi. Ƙwan sigina ko na birki mai wat 21 yana jan amfiya 1.75 a kan 12V. Na babbar fitila mai wat 55 yana jan wajen 4.6. Biyu irinsa sun haura wat 100, kusan abin da kwamfutar buga takardu irin taka take ci in tana aiki sosai. Haɗa shi tsakanin ruwan ɗorawa da baƙa, kowane babban ƙwai da nasa wayoyin, kada ka tara su a siririyar waya guda. Na bakin furosesa sun fi dacewa. Fara da ƙaramin, domin zaren ƙwai in yana da sanyi yakan fizgi wuta mai yawa a farkon kamawa, har lafiyayyen fawa-fak ya ɗauka haɗewa ce ya yanke. In hakan ta faru da babban ƙwai kaɗai, ba hujja ba ce a kansa. Ka kuma bar ɗan kaya a kan 5V lokacin gwajin, don a masu araha layukan biyu a ɗaure suke da juna.

Bar shi yana ci minti 20 ko 30, mita tana kan ruwan ɗorawa. Abin da kake nema shi ne lamba ta zauna. In ta sauka daga 12.1 zuwa 11.9 ta tsaya, babu laifi. In ta zarce ƙasa da 11.4, ko tana rawa, ko tana zamewa a hankali yayin da yake ɗaukar zafi, ko ka ji tsiwa siririya ko warin ƙuna, to ka sami ɓarawonka. Ƙwan yana zafi ƙwarai, ka rataye shi inda ba zai taɓa roba ba.

Akwai abu guda da mita ba za ta gani ba ko da kaya. Wutar da ke fita ba shimfiɗaɗɗiya ba ce sarai, tana da 'yar karkarwa mai saurin gaske, kuma ƙa'idar ATX ta iyakance ta: kada ta wuce kashi 120 cikin 1000 na bolt a layin 12V, da kashi 50 cikin 1000 a layin 5V da 3.3V. Mita matsakaici take nunawa, sai ta ce maka 12.0 alhali wutar tana tsalle. Osiloskof ne yake ganinta, irin na ɗakin gwajin ɗaliban injiniyan lantarki, kai da kake Samaru ba za ka rasa abokin da zai duba maka ba. In babu, haska tocila ta ramukan iska. Kondensar da kanta ya kumbura ko ta fitar da wani abu ruwan ƙasa ta gama yi.

Yanzu mu koma kan taka. Kwamfutar da sai an danna mata sau huɗu ko biyar da safe, amma in ta tashi ta wuni lafiya, a mafi yawan waɗanda suka ratsa hannuna ciwon yana layin shunayya. Ka tuna wannan ɓangaren ba ya hutawa muddin akwai wuta a soket, kuma in kwamfuta tana kashe fanka ba ta juyawa, ƙananan kondensarsa a cikin zafi suke zaune. Ƙa'idar da masu ƙera su suke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Ka haɗa zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da take toshe ramukan iska, ka tuna kuma ta riga ta yi shekaru a wani ofis kafin ta zo hannunka. Kondensar da ta bushe kuwa ta fi taurin kai in tana da sanyi, sai ta ɗan ɗumama take sassautawa. Shi ya sa da sassafe abin ya fi tsanani, kowace dannawa tana ɗan ɗumama ta, a ta biyar ta kama. Wata rana sai ta ƙi gaba ɗaya. Irin wannan fawa-fak yakan ci gwajin ƙarfe cikin sauƙi, domin babu bod a jiki da zai ja wuta daga shunayya. Abin da nake zargi ke nan ya ruɗi mai gyaranka.

Gwada shi haka. Cire ƙarfen, mayar da babban baki da na furosesa jikin bod, soka wuta, kada ka danna makunni. Zura jan tsinke ta bayan bakin, inda shunayya take shiga, baƙin kuma a bayan wata baƙar waya. Hannu ya natsu, kada tsinken ya zame. In 5V ɗin da ka gani ɗazu ta koma 4.3, ko tana hawa da sauka, ko ta faɗi lokacin da ka danna makunni, to ko dai layin ya gaji ko wani abu a bod yana jansa fiye da kima. Zare duk abin da ke ramukan USB ka sake aunawa, don su ma daga nan suke sha a kwamfutoci da yawa. Abin da zai raba gardama shi ne aron fawa-fak daga ɗaya kwamfutar shagonka, in bakinsu iri ɗaya ne. Ta tashi da dannawa ɗaya, magana ta ƙare.

In shunayya ta tsaya daram kuma aron bai tayar da ita ba, sai a saurari mai gyara na farko. Ko a nan ma akwai masu araha da ake fara dubawa. Makunnin gaba yakan mutu: bi siririyar wayarsa zuwa bod, zare ta, ka taɓa ƙusoshin biyu da bakin sukudireba na ɗan lokaci kaɗan. Sai ɗan batirin bod mai kama da kwabo, CR2032, wanda ya kamata ya nuna 3V. Wasu bod ba sa tashi in ya mutu. Sai kuma ka zare bakin furosesa kaɗai ka danna. In da shi fanka tana zillo ta tsaya, babu shi kuma tana ci gaba da juyawa, to haɗewar tana ɓangaren da ke ba furosesa wuta a jikin bod. Abin da ban yarda da shi ba, kuma ina ganin wasu suna yi, shi ne haɗa koriya da baƙa alhali bakin yana jikin bod, wai a tilasta mata tashi. In bod ya ƙi kiran wuta, sau da yawa da dalilinsa. Ɗura masa ita da ƙarfi yakan mayar da gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya zama sayen sabo.

In ta tabbata sai ka sayi wani, kada babbar lambar kan kwali ta ɗauke maka hankali. Karanta takardar jikinsa, ka nemi amfiyar layin 12V ka ninka da 12. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma layin 12V ɗinsa amfiya 18 ne, wat 216 ke nan a inda ake bukatarsa. Ɗaga shi ma a hannu. Wanda ya yi sakayau kamar gwangwanin madara, an rage masa kayan ciki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohon mai suna da ya ci gwajin ƙwai ya fi mini sabo maras suna.

Saura tambayarka ta biyu. Ƙwarai kuwa, fawa-fak da ya ci gwaji abokin aiki ne a teburi. Maimakon ƙarfe, sa ɗan makunni tsakanin koriya da baƙa ka naɗe da baƙin salatif, ko ka sayi ɗan murfin roba da ake yi musamman don haka. Bakin nan mai rami huɗu manya, ruwan ɗorawa da baƙi biyu da ja, yana ba ka 12V da 5V a wuri guda. Babban had-dis na kwamfutar tebur yana bukatar duka biyun, kuma a farkon juyawa yakan ja kusan amfiya 2 daga 12V. Ƙaramin na laftof 5V kaɗai yake ci. Ka sa kunne: lafiyayye yakan ɗauki juyi, ya yi 'yar ƙara sau ɗaya ko biyu, ya natsu. Mai ƙwas-ƙwas ba ƙaƙƙautawa, ko mai kuka ba ya juyawa, kashe shi nan take in akwai aikin mutane a ciki. Amma juyawa a nan ma ba shaida ba ce, sai ka haɗa wayar bayanansa da kwamfuta ka ga ta karanta shi.

Kullum ka kashe kafin ka soka ko ka zare wani abu. In fawa-fak ɗin irin wanda wayoyinsa suke cirewa ne daga jikinsa, kada ka taɓa sa masa wayar wani kamfani ko da ta shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga jikinsa ba shi da ƙa'ida guda, kuma 12V a mazaunin 5V tana kashe had-dis kafin ƙiftawar ido. Haka baki mai rami 8 na furosesa da mai 8 na katin hoto, kama suke yi amma wutarsu a juye take. In ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake nema ba.

Ka kuma san cewa layin 12V na babban fawa-fak yana iya sakin amfiya 30 ko 40 kafin kariyarsa ta ga laifi, siririyar waya kuwa ta narke tun kafin nan. Duk abin da za ka gwada wanda ba ka yarda da shi ba, fanka ce ko fitila ko na'urar intanet mai cin 12V, sa fis ɗin mota mai amfiya 3 ko 5 a kan ruwan ɗorawa. Ba ya maye gurbin na'urar ba da wuta ta masu gyaran waya, domin ita ana iyakance mata amfiya, shi kuwa duk abin da aka nema bayarwa yake yi. Laftof yawanci 19V take so, ba zai yi mata ba. Batirin mota ko na inbata ma ba zai cika da shi ba, caji yana bukatar wajen 14V. Nakan faɗi wannan ne saboda ba a wata guda ba a tambaye ni ba. In kuma da ɗan ƙaramin janareta ko inbata mai araha za ka yi gwajin, ka sani wasu na zamani ba sa jituwa da irin wutarsu, suna iya yin tsiwa ko su yanke, ka ɗora musu laifin da ba nasu ba. Jira a kawo wutar gari mai kyau.

Awon shunayyar nan da bod a jiki, ka yi shi da sassafe, kana buɗe shago, bayan kwamfutar ta kwana babu wuta. Rubuta lambar da ka gani kafin ka danna makunni, da wadda ka gani lokacin da kake dannawa, ka sake aunawa bayan minti goma tana jone. Ka aiko mini da lambobin ukun, tare da adadin ramukan babban bakin.